Kuɗin allon shago: wa ke da ikon karɓa, kuma wace takarda za ka nema kafin ka biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon gyaran waya da POS a cikin garin Kano. Na sa allo mai sunan shagon a saman ƙofa, sannan na sa mai walda ya yi mini wani na ƙarfe na kafa a bakin titi don masu wucewa su gani. A shekarar nan sau uku ana zo mini. Na farko sun ce daga ƙaramar hukuma suke, na biyu daga jiha, na ukun ba su ma faɗi inda suka fito ba, cewa kawai suka yi in ban biya ba za su tuge allon. Na biya na farko, na roƙi na biyu su dawo, na ukun na ba su wani abu suka tafi. Shin sunan shagona ma sai na biya kuɗi kafin in rubuta? Wane ne mai gaskiya a cikinsu? Sannan gidanmu na gado mun rubuta masa "ba na sayarwa ba ne", kuma muna so mu kafa allon haya a shagunan da ke jikinsa. Shi ma akwai kuɗi a kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka. Na yi shekaru a sashen kuɗin shiga na ƙaramar hukuma, na yanke rasit ɗin allo da hannuna, na kuma zauna a teburin da masu shaguna ke kawo kuka, saboda haka na ga lamarin nan ta gaba da ta baya. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba: kuɗin allo yana cikin doka, ba wani ne ya ƙirƙiro shi don ya cuce ka ba. Sai dai kasancewarsa cikin doka bai ba duk wanda ya sa riga mai ƙyalli ya rataya kati a wuya ikon karɓarsa ba. Abin da ke raba ma'aikacin hukuma da ɗan damfara a ƙofar shagonka takarda ce, kuma yawancin mutanenmu ba su san wace takarda za su nema ba, shi ya sa ake ta cin su.

Mu fara da tushe. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya jera ayyukan ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai kula da tallan da ake kafawa a waje da allunan talla, akwai kula da shaguna da kes-kes, da gidajen abinci da gidajen burodi da wuraren wanki da guga. A jadawalin nan dai aka ba su raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Sashe na 7 na kundin kuma ya ce dokar da jiha za ta yi wa ƙananan hukumominta dole ta haɗa da waɗannan ayyuka. Sannan a 1998, a ƙarshen mulkin soja, an yi Doka ta 21 wadda ta kasa haraji gida uku: na tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma. A kason ƙaramar hukuma an rubuta kuɗin izinin allo da talla ɓaro-ɓaro, kusa da kuɗin shago da kuɗin gidaje. Ka ga ke nan mutanen farko da suka zo maka, in dai da gaske daga sakatariyar ƙaramar hukumarku suka fito, suna da ƙafar tsayawa.

To ina jiha ta shigo? Nan ne igiyar ta cukurkuɗe, kuma ba laifinka ba ne da ka rikice, lauyoyi ma sun yi shekaru suna ja-in-ja a kai. Jiha tana shigowa ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko ita ce tsara birni. Duk abin da za a haƙa rami a dasa, a zuba masa kankare, ya tsaya a gefen hanya, gini ne a idon masu tsara gari, ko da falle ɗaya ne na ƙarfe. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003, a ƙarar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, cewa tsara birane hurumin jihohi ne. A Kano hukumar KNUPDA ce ke riƙe da wannan aiki, a Kaduna kuma KASUPDA. Ƙofa ta biyu ita ce hukumomin alluna da jihohi suka riƙa kafawa. Legas ce ta buɗe hanya da hukumar LASAA a 2006, inda jiha ke karɓar kuɗin a madadin ƙananan hukumomi a raba, wasu jihohi suka bi sahu. A Kano ma, a 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar kafa hukumar kula da alluna da tallace-tallace ta jiha. A Abuja akwai sashen kula da alluna da talla, DOAS, na hukumar birnin tarayya, wanda ya daɗe yana takun-saƙa da ƙaramar hukumar AMAC a kan wa zai karɓi kuɗin talla.

Kotuna ba su kashe maganar da bugu ɗaya ba. A 2015 ministar kuɗi ta lokacin ta yi wa waccan doka ta 1998 kwaskwarima, ta sa kuɗin alluna da tallan jikin mota cikin abubuwan da jiha da ƙaramar hukuma za su karɓa tare. A 2020 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke kwaskwarimar, ta ce minista ba ta da ikon gyara dokar majalisa. A shekarar dai Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar ƙaramar hukumar Uyo da gwamnatin Akwa Ibom, ta ce ita kanta dokar ta 1998 ta ci karo da kundin tsarin mulki, domin ta buɗe da kalaman da suka ɗora ta a samansa. Mu nan Kano muna da tamu tsohuwar shari'a da na so kowane ma'aikacin kuɗin shiga ya sani: a 1998 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin kamfanin Knight Frank and Rutley da gwamnatin jihar Kano, ta ce ƙiyasta gidaje don karɓar kuɗin gida aikin ƙaramar hukuma ne, jiha ba ta da hurumin ba da kwangilarsa. Ba a kan allo aka yi shari'ar ba, amma jadawalin da aka kafa hujja da shi, na kundin 1979 da ake aiki da shi kafin na yanzu, shi ma ya ambaci allo.

Na kawo maka wannan tarihi ne don ka fahimci abu guda: rigimar jiha da ƙaramar hukuma tasu ce, ba taka ba. Kai ba za ka warware ta a ƙofar shago ba, kuma bai kamata a ɗora maka kuɗinta ba. A ra'ayina, kuma na faɗi haka tun ina bakin aiki, zalunci ne a karɓi kuɗin shekara sau biyu a kan allo ɗaya saboda hukumomi biyu sun kasa zama su daidaita. Jihar Kaduna ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne: tun 2016 ta haɗe dokokin harajinta wuri guda, ta mayar da hukumar harajin jiha, KADIRS, mai karɓa ita kaɗai har da na ƙananan hukumomi 23, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi a hannu. Inda aka yi haka, mai shago ya san ƙofa ɗaya zai ƙwanƙwasa.

Yanzu ga allunanka biyu, domin ba matsayinsu ɗaya ba, kuma a nan ne nake so ka natsu sosai.

Na saman ƙofa, mai ɗauke da sunan shagonka da abin da kake yi, manne yake da ginin da kake haya. Bai tare hanya ba, bai shiga filin gwamnati ba. Irin wannan shi ne mafi sauƙin kuɗi a duk jadawalin da na taɓa aiki da shi, domin sanarwa ce ta mai wuri a wurinsa. Har ma akwai inda doka ce ke tilasta shi: dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani mai rajista ya rubuta sunansa da lambar rajistarsa a wajen duk inda yake gudanar da harkarsa, a inda za a gani a karanta. Amma kada ka ɗauka wannan ya yafe maka kuɗin izini. Dokokin ƙananan hukumomi da na jihohi da yawa suna ƙirga sunan shago a matsayin allo, ko an rataya shi ko an rubuta da fenti a bango. Abin da ke sauya kuɗin shi ne girmansa, da ko yana da fitila, da ko fuska ɗaya ne ko biyu, da kuma titin da yake kallo. Allon da ke kallon titin Zoo Road ko titin Murtala Mohammed ba zai zo daidai da wanda ke cikin lungu a Ɗorayi ba. Saboda haka duk wanda ya zo ya yanka maka kuɗi da ka, bai auna ba, bai buɗe jadawali ba, to ciniki yake yi da kai, ba aikin hukuma ba.

Wani abu da masu shagon waya ke yawan faɗawa ciki: kamfanin sadarwa ko na POS ya kawo maka allo kyauta, tambarinsa ya cinye kashi uku cikin huɗu, sunanka yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. A idon mai karɓar kuɗin talla wannan ya tashi daga sanarwar mai shago ya koma tallan wani kamfani, kuma kuɗinsa ya fi yawa. Kafin ka karɓi irin wannan kyauta ka tambayi wakilin kamfanin wa zai biya kuɗin izini, in ya ce su ne, ya ba ka kwafin shaidar biya ka ajiye a shago. Haka masu shagon kayan masarufi da ake yi wa fentin lemo ko na taliya a bango.

Na bakin titi kuwa shi ne mai nauyi, kuma gaskiya a kansa ka yi gaggawa. Gefen titi ba naka ba ne, ba na mai gidan da kake haya ba ne. Tsakanin kwalta da katangar gini akwai tazarar da aka ware don magudanar ruwa, da masu tafiya a ƙasa, da bututun ruwa, da wayoyin da aka binne, da faɗaɗa hanya nan gaba. Kafin a dasa wani abu a wurin ana neman izini ne tukuna, a rubuce, tare da zanen allon, da awonsa, da hoton wurin. Idan titin na tarayya ne, irin hanyar Zariya ko ta Katsina ko ta Maiduguri, ma'aikatar ayyuka ta tarayya ma tana da ta cewa. Ka lura da bambancin nan da kyau, domin shi ne ya fi jefa mutane cikin asara: kuɗin shekara daban, izinin kafawa daban. Rasit ɗin da ƙaramar hukuma ta ba ka shaida ce ta ka biya kuɗin talla na bana. Ba shaida ba ce ta an yarda ƙarfenka ya tsaya a inda yake. Na sha ganin mutum ya zo da rasit a hannu yana rantsuwa ya biya, alhali masu tsara birni sun riga sun shafa wa allonsa jan fenti, kuma su ma a kan gaskiyarsu suke. Mai yiwuwa ne ƙwarai mutanen jiha da suka zo maka a kan wannan allon suka zo, ba a kan na saman ƙofa ba.

Kada kuma ka ɗauki wannan izini a matsayin neman kuɗi kawai. Akwai shekarar da iskar farkon damina ta tuge wani allo a yankin da nake aiki, irin wanda aka yi da siririn bututu aka binne ƙafarsa taƙi biyu ba kankare. Ya faɗa kan wayar wuta, wayar ta sauko kan rumfar mai shayi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma yaron mai shayin ya ƙone a hannu, mai allon kuma ya sayar da kayan shagonsa ya biya magani da gyara. Har yau in na ga allo yana rangaji a ƙarƙashin waya sai gabana ya faɗi. Ka je ka dubi naka yau ɗin nan. Shin yana ƙarƙashin wayar wuta ko kusa da tiransifoma? Yana kan kwalbati ko ya toshe lambatu? Yana tare wa mai fitowa daga layi ganin motar da ke tahowa? Ya rufe alamar hanya? In amsar ɗaya daga ciki e ce, kada ka jira hukuma, ka kira mai waldan ya cire shi. Sau da yawa allo mai fuska biyu da aka ɗaure a jikin bangon shago ya leƙo waje kaɗan yana yin aikin da na bakin titi ke yi, ba tare da ka taka filin kowa ba.

Sai mu zo kan takardun da na ce su ne makaminka. Idan wani ya zo karɓar kuɗin allo, ka tarbe shi da fuska, ka ba shi wurin zama, sannan ka nemi takardar neman biya. Takarda ce mai kan hukuma, mai ɗauke da sunan shagonka da adireshinsa, da irin kuɗin da ake nema, da shekarar da ake nema wa, da adadin, da wa'adin biya, da sa hannun jami'i da hatimi, da asusun da za a zuba kuɗin. Ka dubi sunan asusun da idonka. In sunan hukuma ne, madalla. In sunan mutum ne, ko aka ce ka tura ta POS ɗin wani, ko ka ba da a hannu "za a kawo maka rasit gobe", to ka tsaya nan. Kai da kake sana'ar POS ka fi kowa sanin cewa sunan da ya fito a kan allon na'ura shi ne mai kuɗin.

Bayan ita sai ka tambayi dokar da aka dogara da ita. Ƙaramar hukuma ba ta karɓar kuɗi da baki. Sai majalisar kansiloli ta zartar da doka, ko kuma dokar kuɗin shiga ta jiha ta ƙayyade, kuma a ƙarshen dokar akwai jadawalin da ya faɗi nawa ne kuɗin kowane irin allo. Haƙƙinka ne ka gani. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, yawanci ma da kwafin a jakarsa. Wanda ya harzuƙa don ka ce ya nuna maka jadawali ya riga ya ba ka amsa.

In ka biya, rasit ya zama na hukuma, mai lamba, mai kwanan wata, an rubuta abin da ka biya wa a fili. Kada ka yarda a rubuta maka "kuɗin shago" alhali na allo ka biya, domin abubuwa biyu ne a jadawali, gobe wani zai zo ya ce na allo yana nan a kanka. Ka ɗauki hotonsa a waya, ka yi kwafi ka liƙa a bango, asalin kuma ka kai gida.

Akwai wahala guda da zan gaya maka don kada ka yi wa mai gaskiya rashin kunya. Ƙananan hukumomi da yawa suna ba 'yan kwangila aikin karɓar kuɗin shiga, saboda haka wanda ya zo maka zai iya kasancewa ba ma'aikaci ba ne amma da izininsa. Ni ban taɓa son wannan tsari ba, domin wanda aka ce ya kawo adadi kaza abin da ya haura nasa ne, ba zai tausaya wa kowa ba. Amma yana nan. Irin wannan sai ya nuna takardar da ta naɗa shi, kuma duk da haka kuɗin asusun hukuma za su shiga. Sannan ka tabbata ƙaramar hukumar da ta aiko shi ita ce taka. Cikin birnin Kano ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso, kuma akwai titunan da hannun dama na wata ne hannun hagu na wata. Masu shaguna a kan iyaka su ne suka fi shan biya biyu.

Mutanen nan na uku, waɗanda suka ƙi faɗin inda suka fito, ba ni da shakka a kansu. Abin da ka ba su ya tafi, kuma ka saya wa kanka dawowarsu, domin sun gane ƙofar tana buɗuwa. Ban ga laifinka ba, mutum shi kaɗai a shago da wayoyin jama'a a gabansa ba ya son hayaniya. Amma ka sani ita waccan doka ta 1998, kafin hukuncin 2020 da na ambata a kanta, ta hana kowa karɓar haraji in ba hukumar da aka ɗora wa ba, ta hana tare hanya don karɓar haraji, ta kuma sa tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara uku ko duka biyun ga wanda ya saɓa. Ko hukuma ta gaskiya ba ta fara da tuge allo. Ana ba da takardar neman biya, a ba da ta tuni, a ba da ta gargaɗi mai wa'adi, sannan a kai ga kotu ko a cire. In suka dawo, kada ka yi musu, kada ka riƙe rigar kowa. Ka ce su ba ka takarda za ka je ofis ka biya da kanka. Ka kira maƙwabtanka masu shaguna su zo su tsaya. Ka rubuta lambar motar ko babur ɗin da suka zo da shi. In da ƙungiyar 'yan kasuwa a layinku, ka sanar da shugabanta, domin na ga yadda ƙungiya ke zama da hukuma a daidaita kuɗi ɗaya na kowane shago a shekara, a sa ranar biya, daga nan baƙin fuska su daina zuwa. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Kano tana da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha, akwai kuma ta tarayya mai ofis a kowace jiha. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ma sun tanadi ofishi na musamman mai sauraron koken masu biyan haraji.

Abin da aka rubuta a kan allon shi ma yana da masu kula da shi, ko da yake kai bai shafe ka sosai ba. Sunan da ka sa, in ba sunanka na yanka ba ne, ya kamata ya zama ka yi masa rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, don kada ka kashe kuɗin allo wani ya zo da takarda ya ce sunan nasa ne. Tallan da ya wuce sanarwar suna yana ƙarƙashin hukumar kula da harkar talla ta ƙasa, ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022. Masu maganin gargajiya da ke jera cututtuka goma a allo suna cewa suna warkarwa, tallan magani sai da amincewar NAFDAC. Mai kemis kuma ba shi da ikon rubuta wa shagonsa famasi.

Sai maganar gidanku. Rubutun "wannan gida ba na sayarwa ba ne" gargaɗi ne, ba talla ba, ba abin da kuke tallatawa, kuma ban taɓa yanke wa kowa rasit a kansa ba. Wanda ya nemi kuɗi a kan wannan, ya nuna maka layin da ya faɗi haka a jadawali. Sai dai ina so ku san iyakar amfaninsa. Fenti a bango yana sa mai saye ya yi tambaya, amma ba ya hana wani daga cikin magada ko wani dillali marar tsoron Allah sayar da gida a takarda. Abin da ke tsare gidan gado shi ne a raba gadon a gaban kotu ko a rubuta yarjejeniyar magada da shaidu, takardun gidan su kasance a hannun wanda kowa ya amince da shi, mai unguwa ya san halin da ake ciki, sannan a je ofishin filaye na jiha a shigar da takardar gargaɗi a fayil ɗin gidan in yana da shaidar mallaka, yadda ba za a sauya suna ba sai an neme ku. Na ga gidan da rubutun yake ɓaro-ɓaro a bango, amma an riga an sayar da shi, magadan ba su sani ba sai da mai saye ya turo magina.

Allon haya kuwa talla ne, ko da na ɗan lokaci ne. Ƙaramin kwali ko bana da kuka manna a ƙofar shagon da ke jikin gidanku, mai cewa akwai shagon haya da lambar waya, da wuya wani ya bi ta kansa, kuma in an bi kuɗinsa kaɗan ne. Amma in dillali ko kamfanin gidaje ne zai kafa nasa mai sunansa da tambarinsa, to kasuwancinsa yake tallatawa, shi zai nemi izini ya biya, kuma ku faɗa masa haka tun kafin ya kafa. Ku manna shi a jikin gini, kada ku dasa a hanya, ku kuma cire da zarar an kama shagon. Ku sa lambar wanda magada suka wakilta shi kaɗai, domin allon haya mai lambobi biyu na 'yan gida ɗaya ya sha haddasa karɓar kuɗin haya daga mutum biyu a kan shago ɗaya. Idan lokacin siyasa ya zo aka nemi liƙa fasta ko rataya bana a katangar gidan, da izininku ne, kuna da ikon ku ce a'a. Lambar gida kuma da sunan layi, kamar yadda na faɗa a sama, aikin ƙaramar hukuma ne, kada wani ya sa wa layinku sunan mahaifinku a allo ba tare da an bi ta sakatariya ba, ko da kuwa shi ya fara zama a wurin.

Ga abin da nake so ka yi a makon nan. Ka ɗauki rasit ɗin da mutanen farko suka ba ka, ka auna allunanka biyu tsawo da faɗi, ka ɗauki hotonsu yadda titi zai fito a ciki. Ka je sakatariyar ƙaramar hukumarku da safe, ka nemi jami'in kuɗin shiga, ba wanda ka tarar a bakin ƙofa ba. Ka ce ya duba lambar rasit ɗin a littafinsu, ya gaya maka allo nawa ya ƙunsa, ya kuma nuna maka jadawalin. Ka tambaye shi kai tsaye ko kuɗin allo na bana su ke karɓa ko an miƙa wa jiha, in an miƙa ya rubuta maka a takarda. Daga nan ka wuce ofishin hukumar jihar da mutane na biyu suka ce sun fito, da rasit ɗin a hannunka, ka tambaya a kan wane allo suke nema, kuma kuɗin shekara ne ko na izinin kafawa. In na shekara ne a kan allon da ka riga ka biya wa, ka rubuta takardar ƙorafi ka haɗa da kwafin rasit, ka sa a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. In na izinin kafa na bakin titi ne, ka karɓi fam ka cike, ko ka yanke shawarar cire shi ka mayar jikin bango. Idan ka dawo ka rubuto mini abin da suka ce da adadin da suka rubuta, mu duba tare.